TAFIYAR ƘAFA DAGA ƘOFAR MATA ZUWA FANISAU

Jawabin da aka karanta a gaban tsofaffin ma'aikatan En'e ta Kano da magadan aikinsu

   

Abin da wannan jawabi ya ƙunsa shi ne labarin wata hanya wadda tsawonta bai kai mil goma ba. Ta tashi daga Ƙofar Mata, ta ratsa Fagge da Sabon Gari, ta ƙetare rafin Jakara, ta bi ta gefen filin jirgin sama, ta ƙare a tsohon garin Fanisau. Mai mota ya kan shafe ta nan da nan in hanya ba ta cushe ba, amma ba ya ganin kome sai bayan motar da ke gabansa. Mai ƙafa kuwa, in ya fito bayan sallar asuba a lokacin kaka, ya kan isa kafin azahar, ya kuma ga abin da Kano ta yi shekaru fiye da ɗari biyar tana tarawa.

Dalilin zaɓen wannan magana a irin wannan rana shi ne, aikin En'e da ƙafa aka yi shi. Tun a zamanin Sarkin Kano Abbas aka fara awon gonakin gundumomin da ke kewaye da birni da takun ƙafa, domin a yanka wa kowa haraji gwargwadon gonarsa. Malamin taki ya kan taka tsawon gona da faɗinta yana ƙirgawa, dagaci da mai gona suna biye, sa'an nan ya zauna gindin itace ya rubuta. Aikin bai rasa aibi ba, gama talakawa sun yi kuka da waɗansu masu awo waɗanda takunsu ke ƙara tsawo ko gajarta gwargwadon abin da aka damƙa musu. Duk da haka, mai ɗiban haraji da mai ƙirgan jangali da malamin daji da duba-gari da muhutin alƙali, kowannensu ya san ƙasar da ya ke rubutawa, don ya taka ta. Daga 1968 aka fara karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi, sunanta ya fita daga takardun mulki. Amma ƙasar tana nan, hakkin jama'a da ke kanta yana nan, yana kuwa wuyan magada.

ZANGO NA FARKO: ƘOFAR MATA DA FAGGE

Mai tafiya ya fara tsayawa a karofin Ƙofar Mata, inda marina ke tsoma yadi cikin baba da toka kamar yadda kakanninsu suka yi. Masu sana'ar suna ƙirga asalin wurin daga 1498, watau ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Kusa da nan asibitin birni ya ke, wanda En'e ta gina da kuɗin Baitulmali, yanzu ana kiransa da sunan Murtala Muhammad. Daga nan sai ya fita ƙofa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, sarakunan bayansa suka faɗaɗa, a wannan sashe sai mai lura ke gane inda ta bi, gama ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu gini sun ci mafi yawanta.

Da fitarsa sai filin Idi, bayan filin kuma Fagge. Abin da aka gada a baki shi ne, tun zamanin Rumfa wannan wuri fage ne na saukar baƙi. Nan ayarin Azbinawa ke yada zango da rani, da raƙumansu ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da baƙin yadi da turkuɗi da kayan fata. Larabawan Gadamus da na Tarabulus su kan shiga birni su zauna, har unguwar Dandalin Turawa ta sami sunanta daga gare su, gama da can Larabawa a ke kira Turawa. Amma raƙumi dubu ba ya kwana a lungu, saboda haka mai ayari sai waje. Baƙo ya kan sauka wurin fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in ciniki ya rikice. Da irin wannan ayarin gishiri na mutanen Azbin Dokta Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya ƙetaro zuwa ƙasar Hausa. Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, ya ce kuma su kan ninka a lokacin zuwan fatake.

Abin da ya juya Fagge shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, Gwamna Lugga ya naɗa Abbas. A 1911 dogo ya iso Kano, a 1912 aka buɗe shi ga kaya da fasinja. Niyyar Turawa auduga ce domin masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka auna riba suka zaɓi gyaɗa, fataken goro kuma waɗanda suka saba da ba da bashi da sayen kaya a ƙauyuka suka zama 'yan tsakani. Cikinsu Alhasan Ɗantata ya fi shahara, har buhunan gyaɗa suka riƙa tashi dala-dala suna jiran jirgi. Kwara, watau mutanen Sham da Lubnan, suka kafa kantuna a Fagge ta Kudu. Kasuwar Kantin Kwari, wadda 'yan kasuwa ke zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru sayen atamfa da shadda, a wannan gefe ta tsiro.

A lura da abu guda. Raƙumi ya tafi, dalar gyaɗa ta tafi, amma sana'ar Fagge ba ta sake ba. A Wapa, inda 'yan canji ke zaune, sunan wurin ma ya samo asali daga wani kamfanin jigilar alhazai wanda attajiran Kano suka kafa kafin samun mulkin kai. Mai canza wa baƙo saifa ko riyal, ya nuna masa masauki, ya haɗa shi da mai kaya, aikin fatoma ya ke yi, ko da bai taɓa jin sunan ba.

ZANGO NA BIYU: SABON GARI

Daga Fagge mai tafiya ya bi ta kasuwar Singa, inda a ke sarin kayan masarufi, ya faɗa Sabon Gari. Nan take zai ga bambanci a ƙarƙashin ƙafarsa. Lungunan birni da na tsohuwar Fagge su kan karkace yadda gidaje suka tsiro, amma titunan Sabon Gari a miƙe su ke, sun gicciye juna, don da igiyar awo aka yanka su tun ba a yi gini ba. A 1913 aka kafa unguwar domin akawuna da ma'aikatan reluwe da masu sana'a da 'yan kasuwa waɗanda jirgi ya kawo. Akwai Yarabawa da Nufawa, da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da Hausawa ma ba kaɗan ba a farkon lamari. Ibo sun yawaita bayan an buɗe gadar Makurɗi a 1932, dogon gabas ya haɗu da na arewa ba yankewa. Wanda ya karanta allunan tituna zai ga asalin mazauna a rubuce: titin Abeokuta, titin Warri, titin Enugu, titin Zungeru, titin Yoruba. Titin France da na Ballat Hughes kuwa sunayen mutum biyu ne daga cikin waɗanda suka shugabanci unguwar a zamanin Turawa.

Da fari Sabon Gari ba ta ƙarƙashin Sarki. Jojin bariki ke mulkinta, shari'arta daban, harajinta daban, ko da shi ke tsakaninta da ganuwa tafiyar ɗan lokaci ce. Sai a 1940, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka mai da ita hannun En'e. Daga ranar nan nauyi ya hau kan ma'aikata wanda ba su saba da irinsa ba: su yi hukunci tsakanin mutanen da addininsu da harshensu da al'adun aurensu da gadonsu suka sha bamban, su karɓi haraji daga wanda ke karanta jarida yana tambayar inda kuɗinsa ya tafi. A cikin wannan unguwa ne kuma, ran 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda babban kukanta shi ne zaluncin da a ke yi wa talakawa da sunan En'e. Taron tunawa da ya ɓoye wannan bai cika gaskiya ba.

Haka nan ba ya kyautu mai tafiya ya wuce tsakanin Fagge da Sabon Gari bai tuna da watan Mayu na 1953 ba. A watan Maris na shekarar Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisa a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ba su yarda da sa rana ba, aka yi musu ihu a titi. Da aka ji tawagar S. L. Akintola za ta zo Kano yin taro, sai rai ya ɓaci, har aka shirya rufe ofisoshin En'e ran Asabar 16 ga wata domin nuna ƙin zuwanta. An hana taron, amma wuta ta riga ta kama. Kwana huɗu ana faɗa, lissafin gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun yi rauni. Wannan na cikin abin da ya sa aka zauna a London aka sake tsarin mulki, aka ba kowace jiha ikon kanta a 1954. A 1966 aka yi wanda ya fi shi muni ƙwarai, unguwar ta kusa zama kango, sai bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 mutane suka komo. Darasin da ke nan ga ma'aikaci a fili ya ke: kalmar da ta fito daga bakin mai riƙe da ofis ba ta tsayawa inda ya nufa.

Yau Fagge da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su. Babbar kasuwar, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta yi mummunar gobara a 2016, asarar kuwa ba ta tambayi kowa garinsu ba.

ZANGO NA UKU: JAKARA DA GONAKI

A arewacin Sabon Gari mai tafiya zai iske rafin Jakara. Daga cikin birni ya fito, ta gefen kasuwar Kurmi, ya kwaso ruwan kwatocin birni da na waje, can gaba rafin Getsi ya haɗu da shi ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, har su zuba a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. A bakinsa masu lambu ke noman latas da kabeji da alayyafo da karas da albasa duk rani. Kakanninsu da jigo suka ɗebi ruwa, su kuwa da inji. Daga nan a ke kai ganye kasuwanni tun da sassafe. Masana na jami'o'i sun sha auna wannan ruwa, sun sami dattin majemu da guba irin ta ƙarfe a cikinsa. Watau abin da birni ya zubar da dare, shi ke komo masa a faranti da rana. Duba-garin da ya tsaya kan gada ya dubi launin ruwan, ya kuma dubi lambun da ke sha daga gare shi, ba ya bukatar a karanta masa rahoto.

Bayan gada sai hanya ta bi ta gefen filin jirgin sama. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila waɗanda suka taso daga Masar suka sauka Kano, su ne na farko da suka sauka a Nijeriya. A 1936 aka fara jigila sosai tsakanin Kano da Hartum. Filin, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, a kan ƙasar noma aka shimfiɗa shi, kuma tun daga lokacin gari ke bin sa.

Ta wajen Jaba ne mai tafiya zai fara jin iskar karkara, ko da shi ke a gutsure. Zai ga gona nan, fuloti can an kafa masa duwatsun kusurwa, gaba kuma ginin bulo ya kai linta an bar shi. Inda gona ta tsira, zai ga aikin da ya sa ƙasar Kano ta yi suna: dawa da gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ba a barin ƙasa ta huta, amma ba ta gaza ba, don ana ciyar da ita. A tsakiyar gonaki ga ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, kowace da mai ita, ga gawo wanda ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya yi inuwa da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa. Shekaru aru-aru jakuna ke shiga birni da itace da hatsi, su komo da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, da abokin aikinsa sun bincika wannan a gundumar Ungogo, aka buga sakamakon a 1965, masana na ƙasashe da yawa suka riƙa kafa hujja da shi cewa yawan jama'a ba lalle ne ya kashe ƙasa ba in manomi ya san abin da ya ke yi. Kalma ɗaya ta haɗa sirrin duka: takin da jaki ya kai gona, da takin da malami ya auna ta da shi.

Abin da zai fi damun mai lura a wannan zango shi ne hanyoyi. Da can tsakanin gonaki akwai burtali, an shinge shi da aduruku ko cediya ko ƙaya, shanu su bi zuwa mashaya ba su taɓa shuka ba. Akwai turbar ƙafa zuwa rijiya da kasuwa da maƙabarta. Akwai kududdufi inda aka haƙi ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki. Yanzu mai tafiya ya kan bi burtali sai ya ci karo da katanga, ya koma da baya. Ba wanda ya sayar da hanyar a gaban shaidu. Mai gonar dama ya ci taku ɗaya, mai gonar hagu ya ci taku ɗaya, mai yankan fuloti ya haɗiye saura. Sa'an nan makiyayi ya rasa inda zai bi ya faɗa gona, ruwa ya rasa inda zai kwanta ya faɗa gidaje, magana ta zo gaban alƙali, a nemi shaidar inda hanya ta ke da can a rasa, don tsofaffin da suka san ta sun ƙaura.

ZANGO NA HUƊU: FANISAU

Ƙarshen tafiya shi ne Fanisau, a ƙaramar hukumar Ungogo, gari mai duwatsu. Tsohon wuri ne ƙwarai, gama littafin Tarihin Kano ya ambace shi cikin wuraren da manyan mutanen zamanin Barbushe suka zauna, tun kafin zuwan Bagauda. Amma darajarsa ta yanzu daga Sarki Ibrahim Dabo ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Da ya hau gado, Ɗan Tunku na wajen Ɗambatta ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekaru ana gwabzawa, kafin a daidaita Ɗan Tunku ya tsaya a Kazaure. A cikin wannan hali Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau garin tsaro mai kare birni daga arewa, ya yi gida a can. Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila da aka sani da Abdullahi, ya iso Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar Sarki yana sansani a bayan gari saboda wannan yaƙi, ya kuma ambaci Fanisau a labarin tafiyarsa.

Gidan Sarki yana nan da masallacinsa. Bisa al'ada, a bikin babbar salla Sarki ya kan yi hawan Fanisau, kamar yadda ya kan yi hawan Ɗorayi a ƙaramar salla, ya wuni can ya komo da yamma. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Akwai kuma wani gefen tarihin garin wanda mahaya ba su kan tsaya kansa ba. Ƙasar Fanisau gandayen sarauta ce da ta attajirai, bayi ne kuwa suka nome ta, ƙarƙashin manyan bayin Sarki irin su Shamaki. Wani malamin tarihi, Muhammad Bashir Salau, ya wallafa littafi a kan wannan a 2011. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma bauta ba ta fita daga doka ɗungum ba sai 1936. A tsakanin nan dubban bayi a ƙasar Kano suka sami 'yanci ta hanyar murgu da fansa a gaban alƙalai, malamin kotu ya rubuta sunan mutum da abin da ya biya, a ba shi takarda. Layi ɗaya a littafin kotu shi ya raba mutum da bauta. Duk mai riƙe da alƙalamin hukuma ya isa ya tsaya a gonakin Fanisau ya auna nauyin abin da ke hannunsa.

YADDA MUTANEN INGILA SUKA TSARE TURBOBINSU

Kukan toshe hanya ba na Kano kaɗai ba ne, akwai kuwa abin koyi a yadda mutanen Ingila suka yi da nasu. Su mutane ne masu son fita ƙauye da ƙafa ran hutu. Mutum ya kan sauka a tsohon ƙauye, ya duba cocinsa mai shekaru ɗaruruwa da dandalinsa da tafkinsa, sa'an nan ya kewaya ta cikin gonaki da makiyaya ya komo inda ya tashi. Gonakin na masu su ne, amma turbar da ta ratsa su hakkin kowa ce. Inda shinge ya gicciye ta, akwai ƙofa ko matakala, akwai kuma alamar kibiya, rawaya ga mai ƙafa, shuɗiya ga mai doki.

Wannan bai samu a sauƙaƙe ba. Masu manyan filaye sun daɗe suna rufe hanyoyi. A watan Afrilu na 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Mancasta da kewaye suka hau wani tudu mai suna Kinda Sikawut da gangan ba da izini ba, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A wannan shekara aka yi dokar da ta ce hanyar da jama'a suka bi shekara 20 a fili ba wanda ya hana, ana ɗaukarta hanyar jama'a ce. A 1949 kuma aka yi wata doka wadda ta wajabta wa hukumomin gundumomi su bi turbobi ɗaya ɗaya su sa su a taswira, taswirar ta zama hujja a kotu. Mutanen ƙauyuka ne suka taka hanyoyin suka ba da labari. Saboda wannan aiki, a Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi wajen mil dubu 140.

Ƙasar Hausa ba ta rasa asalin wannan hukunci ba. Kalmar hurumi daga fiƙihu ta fito: rijiya tana da huruminta, gari yana da nasa na kiwo da itace, hanya kuma ba ta mallakuwa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan hukuncin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi. Hukunci yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutaccen bayani na inda kowane burtali da kowane hurumi ya ke.

ABIN DA YA RAGE GA MAGADA

Saboda haka ana roƙon jama'ar da ta taru abu uku, ba kuwa wanda ke bukatar kuɗi mai yawa a cikinsu.

Na farko, kowane ma'aikaci mai hulɗa da ƙasa, ko na awo, ko na lafiya, ko na haraji, ko na kotu, ya taka yankin da ke hannunsa da ƙafa ko sau ɗaya a shekara, tare da dagaci ko mai unguwa. Zuwa da kai ya fi aike. Shari'ar iyaka musamman ba ta kyautu a yanke ta ba a je an ga wuri ba.

Na biyu, a zauna da dattawa tun suna da rai, na Fagge da na Sabon Gari da na Jaba da na Fanisau, a rubuta abin da suka sani: ina burtali ya bi, ina zangon raƙuma ya ke, wace maƙabarta ce ta wane, wane kududdufi aka cike, mene ne sunan wuri kafin a sa masa sabon suna. Dattawan En'e da ke zaune a wannan taro su ne farkon waɗanda za a tambaya, gama waɗansunsu sun riƙe sarƙar awo da hannunsu.

Na uku, abin da aka rubuta a sa shi a taswira, a yi kofe, a ajiye ɗaya wurin hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a kotun yankin, ɗaya kuma a Gidan Ɗan Hausa inda a ke adana kayan tarihi. Wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau tana iya nuna matsayin wuri daidai fiye da abin da malamin taki ya taɓa mafarki. Ba kayan aiki aka rasa ba, fita aka rage.

Wanda ya yi niyyar bin wannan hanya, ya zaɓi kaka ko farkon hunturu, ya ɗauki ruwa da littafi da fensir, ya yi sallama ga masu unguwanni, kada ya taka shuka, kada ya ɗauki hoton mutum ko na wurin jami'an tsaro ba da izini ba. In ya isa Fanisau ya gai da dagaci, ya yi azahar a masallaci, ya juyo kudu ya dubi inda ya fito. Zai ga gari yana tahowa, ya kuma ƙirga da idonsa gonakin da suka rage tsakani.

Allah ya jiƙan ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, ya yafe musu kurakuransu, ya saka musu da alherin da suka yi wa talakawa. Allah ya ba dattawa lafiya, ya ba magada riƙon amana. Allah ya zaunar da Kano lafiya, birninta da wajenta da ƙauyukanta, ɗan gari da baƙo. Amin.